Britain Hart da damben mata ba safar hannu: wa ke shan bugu, wa ke kwasar kuɗi

Ranar Juma'a 5 ga Fabrairun 2021, a garin Lakeland na jihar Florida, kamfanin BKFC, mai shirya damben hannu tsirara ba safa, ya shirya taron dambe mafi girma da ya taɓa yi zuwa lokacin, kuma duk tallan da aka yi ta yaɗawa fuskar mace ɗaya ce a kansa, wato Paige VanZant. Daga UFC ta fito, babban gidan faɗan cikin keji na duniya. Ta taɓa zuwa ta biyu a wata gasar rawa ta talabijin a 2016, tana da mabiya miliyoyi a Instagram, kuma rahotanni sun ce kwangilar faɗa huɗu da ta sa wa hannu da BKFC ta haura dala miliyan ɗaya. Wadda aka haɗa ta da ita, Britain Hart, sau uku ta taɓa shiga wannan fage, an doke ta a biyu. Duk wanda ya san yadda ake haɗa dambe ya gane lissafin: an kawo tauraruwa, an nemo mata wadda za ta taka ta hau.

Lissafin bai yi ba. Hart ta riƙa matsa mata lamba tun turmin farko, tana riga ta kai hannu, in sun cukuikuye kuma ta riƙe mata wuya da hannu ɗaya tana aika gajerun naushi da ɗayan. Sai a turmi na biyar VanZant ta farfaɗo, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Alƙalan ba da maki su uku duk suka rubuta 49 da 46, nasara ta Hart. Daga wannan dare sunanta ya fara tashi, kuma wata goma sha tara bayan haka ta ɗaura kambun duniya na kamfanin.

Labarinta ya cancanci a tsaya a kansa domin ya nuna abu biyu da ke tafiya tare a wannan sana'a. Mace na iya hawa sama a cikinta da ƙwarewa tsantsa, ba da farin jini ba. Amma gidan da take hawa a cikinsa suna yake fara saye kafin gwaninta, kuma abin da yake sayar wa 'yan kallo fatar fuskarta ce, wadda ba ta da sauyi idan ta ƙare.

BKFC kamfani ne na wani tsohon ɗan dambe mai suna David Feldman, mazauninsa Filadelfiya. Ya yi shekaru yana bin hukumomin wasanni na jihohin Amurka suna rufe masa ƙofa, har jihar Wyoming ta amince a 2018. Ranar 2 ga Yunin wannan shekara aka yi taron farko a birnin Cheyenne. Kafin nan, babban faɗan hannu tsirara na ƙarshe da Amurkawa ke tunawa shi ne na John L. Sullivan da Jake Kilrain a Mississippi a 1889, wanda ya kai turmi 75, kuma a ɓoye aka shirya shi don doka ta hana, daga baya ma sai da aka kama su duka biyun.

Dokokin yanzu ba su da yawa. Turmi biyar ne, kowane minti biyu, da hutun minti ɗaya a tsakani. Fagen kewayayye ne da igiyoyi huɗu. A tsakiyarsa akwai layi biyu da tazarar ƙafa uku, kuma a kansu 'yan damben ke tsayawa fuska da fuska a farkon kowane turmi, saboda haka babu wani zagaye-zagaye na auna juna. Naushi kaɗai aka yarda da shi, ba ƙafa, ba gwiwa, ba gwiwar hannu, ba kayarwa. An yarda a naɗe wuyan hannu da babban yatsa da tsakiyar hannu da bandeji da filasta, amma dole a bar tazarar inci ɗaya kafin gaɓoɓin da ke kai duka. Wanda ya saba da kallon dambenmu na gargajiya zai ga bambancin nan take: ɗan damben Hausa dunƙulen yake ɗaurewa da zare ya mai da shi mashi, ya bar ɗaya hannun a buɗe a matsayin garkuwa, su kuwa waɗannan wuyan hannu suke ɗaurewa su bar dunƙulen tsirara, kuma da hannu biyu suke duka.

Wannan inci ɗaya da aka bari shi ya sauya komai. Mutane da yawa sun ɗauka safar dambe an yi ta ne don ta kare wanda ake duka. Aikinta na farko kare hannun mai dukan ne. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, musamman wanda ke bin ƙaramin yatsa, goshin mutum kuwa yana cikin ƙasusuwa mafi tauri a jiki. Mai safa na iya sakin dukan ƙarfinsa a kan ƙoƙon kai sau ɗari a dare ɗaya, hannunsa lafiya lau. Wanda ba shi da safa, naushi ɗaya da ya sauka a goshi ba daidai ba ya isa ya karya masa hannu, ya ƙarasa faɗan da hannu guda. Don haka gwanaye a wannan fage ba su cika sakin ƙarfi gaba ɗaya ba. Haɓa suke nema, da hanci, da ƙasan ido, da haƙarƙari wajen hanta. Wasu ma da gangan suke sunkuyar da kai su tari naushi da goshi don hannun abokin karawa ya ji jiki.

Kāriya ma haka. Ɗan boksin na iya ɗaga manyan safofinsa biyu ya ɓuya a bayansu ya huta. Dunƙule tsirara ƙarami ne, yana ratsa tsakanin hannaye ya wuce, shi ya sa tsayawa wuri ɗaya a rufe fuska ba ya aiki. Dole a kauce da kai, a matsa da ƙafa, ko a shige jikin mutum a riƙe shi. Riƙon nan, wanda a boksin rafali ke saurin rabawa, halal ne a nan muddin hannu ɗaya yana aiki. Wannan shi ne darasin da Hart ta riga VanZant koya, kuma da jikinta ta biya kuɗin makarantar.

A damben boksin ta fara, inda ba ta yi wani fice ba, nasara da rashinta kusan kunnen doki. A Agustan 2018, a taron BKFC na biyu a Biloxi, ta kara da Bec Rawlings 'yar Ostareliya, wadda ita ce ta ci faɗan mata na farko a Cheyenne. Sun kai ƙarshe, alƙalai biyu suka ba Rawlings, ɗaya ya ba Hart. A Afrilun 2019 ta haɗu da Christine Ferea, likita ya tsayar da faɗan a turmi na biyu. Mata da yawa a nan suke ajiye sana'ar, kuma babu mai ganin laifinsu. Ita sai ta dawo a ƙarshen 2020 ta samu nasararta ta farko, sannan ta doke VanZant, ta doke Jenny Savage, ta doke Pearl Gonzalez, wata tsohuwar 'yar UFC, duk a cikin 2021.

A Fabrairun 2022 kamfanin ya ƙirƙiri kambun mata na farko, na ajin kilo 57, ya haɗa Hart da Ferea a karo na biyu. Ferea ta sake cin ta, amma wannan karon sai da suka cinye turmi biyar. A watan Yuni Hart ta rama abin da Rawlings ta yi mata shekara huɗu baya. Sai ta yanke shawarar da nake gani ita ce mafi hikima a duk tafiyarta: ta sauka zuwa ajin kilo 52, inda jikinta ya fi dacewa kuma inda babu Ferea. Ranar 10 ga Satumban 2022, a Great Falls ta jihar Montana, ta doke Fani Peloumpi ta zama mace ta farko da ta riƙe kambun wannan aji. Ta kare shi a gaban Savage da Melanie Shah a 2023, ta kare shi a gaban Taylor Starling a Agustan 2024 a Sturgis, garin da masu manyan babura ke taruwa duk shekara, sannan ta kare shi a gaban Tai Emery a Dubai a Afrilun 2025.

Abin lura a wannan jeri shi ne mafi yawan nasarorin nan da maki ta same su, ba da sumar da kowa ba. Hart ba ta da irin nauyin hannun Ferea. Abin da take da shi numfashi ne da yawan aiki da sanin tazara, da kuma jimirin ci gaba da tunani lokacin da jini ke gangaro mata a fuska. A fagen da 'yan kallo ke zuwa neman rotsi, wadda ta fi daɗewa a sama a ajinta mai lissafi ce. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa babu wata fasaha a ciki, hauka ne kawai da aka sa wa tikiti.

To me ya sa mata suka samu wuri da wuri haka a nan, alhali a wasu fagagen sai da aka kai ruwa rana? A Ingila sai da Jane Couch ta kai hukumar damben ƙasar ƙara kafin a ba ta lasisi a 1998, kuma cikin hujjojin da hukumar ta kawo har da cewa al'adar wata-wata tana hana mace natsuwa. Sai a 2012 a Landan aka fara damben mata a gasar Olamfik. Shugaban UFC, Dana White, ya taɓa cewa mace ba za ta taɓa faɗa a gidansa ba, sai a Fabrairun 2013 Ronda Rousey ta karya wannan magana. Har yau a faɗan kambu na boksin yawanci mata minti biyu suke yi a turmi goma, maza minti uku a turmi goma sha biyu, abin da ya sa 'yar boksin Amanda Serrano ta ajiye kambun hukumar dambe ta WBC a ƙarshen 2023 da hukumar ta ƙi yarda ta yi tsawon na maza. A BKFC kuwa tun daren farko akwai mata a jadawali, kuma turminsu daidai yake da na maza.

Wannan daidaito na gaske ne, kuma ba na raina shi. Sai dai a san asalinsa. Sabon kamfani ne da ba shi da taurari, yana neman duk abin da zai sa a juyo a kalle shi, kuma babu hoton da ke yawo a intanet da sauri kamar na mace da fuska jina-jina tana murmushi an ɗaga hannunta. A wannan daren na Lakeland, kafin Hart da VanZant su fito, Taylor Starling da Charisa Sigala sun yi turmi biyar da suka bar su duka biyu cikin jini, kuma hotunansu sun zagaya duniya fiye da sakamakon yawancin faɗan maza na daren. Buƙatar kamfani ce ta buɗe ƙofar. Matan ne suka mai da ita sana'a da ake girmamawa.

Ba kuma yau aka fara ba. A 1722 wata mata a Landan, Elizabeth Wilkinson, ta buga sanarwa a jarida tana ƙalubalantar wata Hannah Hyfield su hau dandamali su dambace a kan kuɗi. Sharaɗin shi ne kowacce ta riƙe tsabar kuɗi a cikin kowane dunƙule, wadda ta fara yar da nata ta faɗi. Dabara ce ta hana yakushi da jan gashi, don mai buɗe hannu kuɗinta zai zube. Wilkinson ta yi shekaru tana cika wuraren kallo, daga baya masu rubuta tarihin dambe suka ture ta gefe suka cika littattafansu da sunayen maza. Shekara ɗari uku ke nan ana biyan kuɗi a kalli mata suna wannan abu, kuma a duk tsawon lokacin mai tattara kuɗin ƙofa ba ya cikin masu zubar da jini.

A nan ne karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi take zama daram. 'Yan damben nan ba ma'aikatan kamfani ba ne. Ba su da albashin wata, ba su da fansho. Daren da suka yi faɗa ake biyan su, daga ciki su sallami mai horarwa da manaja, su biya haraji, su cike bashin makonnin da suka yi suna atisaye. Mai faɗa biyu ko uku a shekara da wannan za ta ci har shekara ta zagayo. Idan fata ta tsage, hukumar jiha kan dakatar da mutum na makonni kafin ya sake shiga fage, idan hannu ya karye kuwa watanni ne. Abin da ake biyan kowa kuma ba kasafai ake bayyana shi ba, sai a jihohin da dokarsu ta tilasta, saboda haka sabuwar shiga tana zama teburin ciniki ba ta san farashin kanta ba.

VanZant ta sake faɗa a Yulin 2021, Rachael Ostovich ta doke ta. Faɗa biyu, faɗuwa biyu, amma ita ce aka ba kwangilar da ta fi yin amo a tarihin matan kamfanin zuwa lokacin. Ba laifinta ba ne, ta sayar da abin da kasuwa ke nema, kuma tun tana UFC ta fito fili ta ce tallan da take yi a Instagram ya fi kawo mata kuɗi a kan faɗa. Amma saƙon da wannan ke aika wa yarinyar da ke tasowa a bayyane yake: yawan mabiyanki ya fi yawan nasarorinki daraja. Shi ya sa da yawansu ke da aiki biyu, atisaye da safe, ɗaukar hoto da bidiyo da yamma, wasu har su kai ga nuna abin da ba shi da alaƙa da dambe don a san da su. Ina ganin wannan a matsayin haraji na biyu da ake karɓa daga mata kaɗai. Namijin da ke da nauyin hannu ba a tambayar sa ya yi kyau a hoto.

Shi kuwa kamfanin sai bunƙasa yake yi. A 2022 Triller, wani kamfanin manhajar bidiyo, ya sayi kaso mafi yawa na hannun jarinsa. A Afrilun 2024 Conor McGregor, tsohon zakaran UFC, ya shiga cikin masu shi, mutumin da wata kotun farar hula a Dublin ta ɗora wa alhakin cin zarafin wata mata a Nuwamban wannan shekarar. A Janairun 2025 mutum sama da 17,000 suka cika zauren wasa a Filadelfiya. An kai taro Tailan, Ingila, Sifaniya da Dubai. Darajar gidan tana hawa, kuma masu hannun jari ne ke riƙe da ita, ba waɗanda aka ɗinke wa gira ba.

Batun lafiya shi ne inda muhawara ta fi zafi, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu kare wasan suna nuna wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya duba faɗa 141, wato 'yan dambe 282. Kusan kashi ɗaya cikin uku fata ta tsage musu, yawanci a fuska. Waɗanda suka karya hannu da waɗanda suka nuna alamun girgizar ƙwaƙwalwa kowanne bai kai uku cikin ɗari ba. Hujjarsu ita ce jinin da ake gani rauni ne na sama, kuma faɗan minti goma da ake taka-tsantsan da hannu ya fi sauƙi ga ƙwaƙwalwa a kan minti talatin da shida na dukan safa. Akwai gaskiya a ciki. Jeanette Zacarias Zapata, 'yar Meziko mai shekara 18 da ta rasu a Montreal a Satumban 2021, da safa aka doke ta.

Sai dai jagoran wancan bincike, Dakta Don Muzzi, shi ne babban likitan kamfanin, kuma abin da aka ƙirga shi ne abin da ya bayyana a daren faɗa. Cutar ƙwaƙwalwar da ke kama 'yan dambe a hankali take taruwa daga ƙananan duka masu yawa, ciki har da na wurin atisaye inda babu likita, kuma sai bayan shekaru take fitowa da mantuwa da rawar jiki da sauyin hali. Wasan da aka halatta a 2018 bai yi tsufan da za a ga wannan a jikin mutanensa ba. Mafi yawan waɗanda aka duba kuma maza ne, alhali a wasanni irin su ƙwallon ƙafa da kwando an sha gano cewa mata sun fi maza yawan samun girgizar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce wa 'yar shekara ashirin da biyu wannan wasa ya tabbata mai sauƙi ne ga kanta, ya faɗi abin da ya wuce hujjar da ke hannunsa.

Tsagewar fatar ma da ake rainawa ita ce ke yanke wa mutum tsawon sana'a. A duba abin da ke faruwa a kusurwa cikin hutun minti ɗaya. Mai tsayar da jini ya haura igiya tun kafin ta zauna, ya danna auduga a kan girar da dukan ƙarfinsa, ya cusa tsinken auduga da aka jiƙa da maganin tsuke jijiya cikin raunin, ya goga wani ƙarfe mai sanyi a kan kumburin ƙasan ido, ya cike ramin da man basilin. Mai horarwa yana mata magana, likita kuma ya leƙo yana duban abu ɗaya: shin jinin yana shiga ido, shin tana gani? Idan ya girgiza kai, faɗa ya ƙare ko da ita ce ke kan gaba. Haka faɗan Ferea da Rawlings na Afrilun 2023 ya ƙare, Rawlings tana son ci gaba, likita ya hana. Kowane ɗinki yana barin tabo, tabo kuma ya fi lafiyayyar fata saurin buɗewa. Mai faɗa goma a bayanta tana shiga na goma sha ɗaya da fuskar da naushi mara ƙarfi zai iya tsagawa.

Na san akwai mai karatun da tun sakin layi na farko ya yanke hukunci, kuma yana da madogara. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, malamai da yawa sun haramta boksin saboda haka, ƙungiyar likitocin Birtaniya ma ta daɗe tana kiran a hana shi baki ɗaya. A ƙasar Hausa fagen dambe na maza ne tun asali. Ba na neman kowa ya sauya ra'ayinsa a kan wannan. Abin da nake cewa shi ne matan nan suna nan, bidiyonsu yana shigo mana waya ko mun nema ko ba mu nema ba, kuma Allah wadai daga nesa ba ya rage musu ɗinki ko ɗaya. Abin da zai rage shi dokoki ne da yadda ake haɗa faɗa.

Haɗa faɗan nan shi ne haɗari mafi kusa ga duk wadda ke tasowa, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. A Agustan 2021 a Biloxi aka haɗa Justin Thornton, mai shekara 38 wanda ya faɗi faɗansa biyar na baya a jere, da Dillon Cleckler. Cikin daƙiƙa 19 aka doke shi ya faɗi ta fuska, jikinsa ya shanye, ya rasu a farkon Oktoba. Ba rashin safa kaɗai ya kashe shi ba, an sa shi gaban wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. A ɓangaren mata wannan matsala ta fi tsanani don yawansu kaɗan ne. Aji ɗaya ba ya tara gwanaye da yawa, saboda haka duk wadda ta ci faɗa biyu ko uku kuma 'yan kallo suka so ta, sai a tura ta gaban mai kambu.

Taylor Starling ta ci faɗa uku a 2021, ta zama abin so, aka haɗa ta da Ferea a jihar New Mexico a Agustan 2022. Ba a cika minti ɗaya ba aka gama. Hannah Rankin, mace ta farko daga Sukotlan da ta riƙe kambun duniya a boksin, ta shigo a Oktoban 2024 ta ci faɗa ɗaya da ƙyar, faɗanta na biyu kai tsaye na kambun kilo 66 ne da Jessica Borga a Dubai, kuma a turmin farko Borga ta kwantar da ita. Ilimin shekaru na boksin bai shirya ta ga dunƙulen da ke ratsa kāriya ba, kuma babu wanda ya ba ta lokacin koyo, don sunanta ake buƙata a kan allon talla a wannan watan.

Idan aka sa wannan kusa da tafiyar Hart sai a ga abin da ya cece ta. Faɗuwarta biyu na farko sun sa kamfanin bai ɗauke ta a matsayin kadara ba, don haka ba a yi gaggawar cinye ta ba. Ta samu shekara huɗu da faɗa takwas tana koyon yadda ake riƙo, yadda ake tarar naushi, yadda ake kashe minti biyu ba tare da an karya hannu ba, kafin ta ɗaura kambu a faɗa na tara. Sa'a ce ta ba ta wannan lokaci, ba tsari ba, kuma ba daidai ba ne a bar lafiyar 'yan mata a hannun sa'a.

A 2023 ƙungiyar hukumomin dambe ta Amurka ta amince da dokoki na bai ɗaya ga wannan wasa, wanda ci gaba ne. Amma ikon amincewa ko ƙin amincewa da kowane haɗi yana hannun hukumar jihar da za a yi taron, kuma jihohin ba ɗaya suke ba wajen tsanani, ballantana idan an fita da taron ƙasar waje. Hukumar da ta san aikinta za ta iya ƙin sa hannu a faɗan kambu ga wadda ba ta da isasshen tarihi a wannan fage na musamman, komai yawan kambunta a wani wuri. Za ta iya tilasta hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba da lasisi da kuma bayan duk wata suma, ta tilasta bayyana abin da aka biya kowa, ta kuma sa kamfani ya ɗauki nauyin jinyar raunin da ya wuce daren faɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa taron Filadelfiya ɗan kallo guda, kuma kamfanin da ke iya ba sabuwar shiga kwangilar dala miliyan yana da halin biyan su.